Babu Rago

A shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar Katsina, sana'ata ba ta wuce fenti da burushi ba. Ina da rumfa a bakin titin da ya nufi Kongolam, ina rubuta allunan shaguna da bayan manyan motoci. Shekarar ta zo mana da aiki, don masu aski da yawa sun sauke allunansu masu zanen kawunan mutane, suka ce a mayar musu da rubutu zalla, wasu da boko, wasu da ajami. Ni kuwa da ajami na buɗe ido. A nan cikin Daura na yi karatun allo, na iya feƙe alƙalami da haɗa tawada tun kafin in san akwai rubutun da ke farawa daga hagu. Boko sai da na girma na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Ina faɗa muku wannan ne, ku da kuke shigowa shagona da wayoyinku kuna cewa bana ai aikin da ake gamawa ne kafin shayi ya huce, don ku san daga inda mai yi muku magana ya taso. Ga wanda bai sani ba, in na ce bana ba shekarar da muke ciki nake nufi ba. Ɗan allon tallan nan nake nufi da ke zama a saman shafin intanet, wani tsaye cak, wani yana motsi.

Allon da ya kai ni gaban kwamfuta na wani saurayi ne mai suna Bashari. Ya yi karatu a Zariya, ya dawo da kwamfuta da ƙaramin janareto, ya kama shago kusa da rumfata yana buga katin biki da takardun makaranta. Na shiga in auna faɗin ƙofarsa, sai ya ce in zo in ga yadda yake son rubutun ya kasance. Ya buga sunansa, ya ja shi ya yi girma, ya mai da shi kore, ya lanƙwasa shi kamar baka. Duk wannan ina tsaye ina kallo. Can hannunsa ya zame, wani baƙin layi ya ratsa sunan. Na ce a raina an yi asara. Sai ya taɓa maɓalli, layin ya ɓace, ko tabo babu. Mu in burushi ya zame mana, sai kankara da shafe da jiran bushewa, kuma duk da haka mai ido zai gane wurin. Na ce ya sake yi. Ya sake. Na yi tasbihi a fili, na zauna a kan bencinsa, ban tashi ba sai da aka kira la'asar.

Muka yi yarjejeniya. Kwamfutarsa ba ta iya ajami ba, masu katin walima da na saukar karatu kuma suna so, don haka ni zan riƙa rubuta masa da hannu, shi kuma ya koya min na'ura. Na girme shi nesa ba kusa ba, amma da safe nakan riga shi zuwa in share shagon.

"Baba Lawal, don Allah ka ajiye tsintsiyar nan," in ji shi. "Mutane za su ce ba ni da tarbiyya."

Na ce, "Haka na yi wa wanda ya koya min fenti. Kai ma ba zan rage maka ba."

Hannun da ke jan layi miƙaƙƙe a jikin mota ba tare da zare ba, sai ga shi ya kasa sarrafa ɗan abin nan da ake turawa a tebur. Na daɗe kafin idona ya yarda ya kalli fuskar kwamfuta alhali hannuna yana wani wuri. Bashari bai taɓa yi min dariya a gabana ba. In ta ci ƙarfinsa, sai ya ce zai duba man janareto.

Manhajojin zane biyu ya fara koya min, kuma da yake sunayensu sun ƙi zama a bakina, sai na raɗa musu nawa. Ta farko na kira ta Alƙalami, don layi da harafi ne aikinta, kuma duk yadda ka ja abin da ka zana ya yi girma, bakinsa ba ya dagulewa. Ta biyu na kira ta Wanzami, don ita ke gyara hoto, ta aske abin da ke bayan mutum ta bar shi shi kaɗai. Tun a lokacin na gane cewa ba a tambayar wace manhaja ce ta fi kyau. Ana tambayar wace ce ta dace da aikin da ke gabanka. Na kuma gane cewa yawancinsu ba da mu aka yi su a zuciya ba. Ka buga ƙa ko ɗa ko ɓa, sai ta ajiye maka ɗan akwati fanko a wurin. Ka ba ta ajami, sai ta raba haruffan, kowanne ya tsaya shi kaɗai kamar 'yan'uwan da suka yi faɗan gado, ta kuma jera su daga hagu. Maganin da muka samu shi ne in rubuta da alƙalamina a farar takarda, a ɗauka da na'urar ɗaukar hoton takarda, in bi bakin kowane harafi da Alƙalami har ya zama nata. Har yau haka nake yi.

Shekaru suka tafi. Wayar hannu ta shigo, intanet ta biyo ta. Bashari ya sami aiki a Abuja, ya bar min shagon, can kuma ya buɗe shafin labarai na Hausa wanda ma'aikata 'yan arewa da ke zaune a kudu suke karantawa. Shi ya fara aiko min da aikin bana. Ya ce in kula da abu biyu: awo da nauyi. Awon siriri ne dogo kamar ɗamara. Nauyin kuma ba a ganinsa da ido, amma in ya yi yawa, mai karatu zai gama labarinsa ya wuce tallan bai gama buɗewa ba.

Banar da ta fara kawo min suna ta Sale ce. Sale ɗan kawuna ne, taubashina, dillalin raguna a Babban Mutum. Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba, sai bawa, wai shi ɗan namiji ne ni ɗan mace. Wata rana ya zo ya tarar da ni ina aiki, ya ce, "Bawa, wai kai ba ka gajiya da kallon wannan akwatin? Me yake ba ka?"

Na ce, "Kawo rago ɗaya in nuna maka."

Na bi shi Babban Mutum da kyamarar aro. Muka zaɓi wani balami fari tas, aka wanke shi da sabulu, aka tsayar da shi a jikin katanga da hantsi. Da na dawo na sa Wanzami ta aske katangar, na bi ƙahonnin a hankali, na bi gashin wuyansa sili-sili don kada ya fito kamar an yanke shi da almakashi. Na ɗora shi a kan kore, na rubuta da Alƙalami cewa ga ragon layya daga Babban Mutum, za a kai wa iyayenka har gida. A ƙasa na sa sunan Sale da lambar wayarsa. Tsayayyar bana ce, ba ta motsi, mara nauyi. Bashari ya ɗora ta a saman shafinsa.

Abin da ya biyo baya har yanzu in na tuna sai in yi mamaki. Mutane suka yi ta kiran Sale daga garuruwan da bai taɓa takawa ba. Wannan ya ce a kai wa mahaifiyarsa a Baure, wancan ya ce a kai wa surukinsa a Zango. Sale ya zo shago yana riƙe da waya kamar ya riƙe garwashi.

"Bawa, wai yanzu wani ya kira ni daga Fatakwal. Ya ce ya ga ragon. Ragon nan kuwa yana ɗaure a bayan ɗakina yana cin dusa."

Na ce, "Ni ma da na yi aikin ban gama ganewa ba."

Gaskiya na faɗa masa. Na shekara da shekaru ina rubuta alluna, kuma allo sai wanda ƙafarsa ta kawo shi gabansa yake gani. Ga shi na zauna a Daura na yi zane, mutum a bakin teku ya gani a ranar. Wanda ya sanar da ɗan Adam wannan, iliminSa ba shi da iyaka.

Shekarar da ta biyo ita ce ta zanga-zangar cire tallafin man fetur. Komai ya yi tsada, har dusa da harawa. Sale ya ga abin da ya faru bara, sai ya faɗaɗa. Ya bi gidajen Babban Mutum da ƙauyukan kewaye, inda mata ke kiwon rago ɗaya ko biyu a bayan ɗaki shekara guda cur, wata don kuɗin taki, wata don gyaran rufin ɗaki. Ya ce su ba shi amanar ragunansu, kada su kai kasuwa, shi zai sayar musu da daraja fiye da ta kasuwa. Suka yarda. Garkensa ya cika. Da fataken kudu suka zo kasuwar Mai'adua da manyan motocinsu suka taya, ya ce ba na sayarwa ba ne, masu su na nan tafe ta waya.

A wannan shekarar ne Bashari ya aiko min da manhaja ta uku a faifai, wadda na raɗa wa Mai Rawa. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa ganin abin da ya kama ni kamarta ba. Ka ajiye abu a wannan gefe, ka ajiye shi a wancan, ka gaya mata tsawon lokacin da kake so, ita sai ta cike tsakanin da kanta. Gwajin farko da na yi da sunana ne na ajami. Na taɓa maɓalli, sai ga lam tana saukowa daga sama, tana lanƙwasawa, wawu ta biyo ta, harafi bayan harafi, da irin jan hannuna, da ɗan kaurin da alƙalamina ke yi a kwana, amma babu hannu babu alƙalami. Na kira maƙwabcina tela ya zo ya gani, don kada in zama ni kaɗai na shaida. Ya kalla ya ce a'uzu billahi, sannan ya ce in sake.

Sale ma da ya gani bai tsaya shawara ba.

"Ragon nan nake so ya yi gudu," in ji shi. "Ya shigo da gudu ya tsaya ya girgiza kai. Kuma ka rubuta: babu rago kamar na Sale."

Na ce, "Ta bara fa ta yi aiki. Me ya sa ba za a mai da ita ba?"

"Bawa ba ya ba ubangidansa shawara. Ta bara a tsaye take kamar mai jiran mota. Ka sa ya yi gudu."

Ni ma abin da raina ke so ke nan, ban ja ba. Na tsara ta yadda za ta ja ido. Da farko fili ne kore babu komai a ciki, sai manyan haruffa suna cewa BABU RAGO, sunan Sale da lambarsa suna ƙasa. Sai ragon ya shigo da gudu daga dama, ya ja birki, ya girgiza kai, sannan sauran maganar ta sauko: KAMAR NA SALE. Bashari ya ce in fitar masa da ita a irin hoton nan mai motsi da aka ce kowace na'ura na buɗewa. Mai Rawa ta fitar, ta yanka motsin falle-falle masu yawa, ta haɗa su wuri ɗaya. Na duba a kwamfutata, rago na gudu. Bashari ya duba a ta ofishinsa, rago na gudu. Ya ce bai taɓa ɗora talla mai kyanta ba.

Waya ta yi shiru. Sale ya zo ya ce, "Bawa, ko lambar budurwarka ka rubuta?" Muka duba, lambarsa ce daidai. Muka ce shekarar ce ta yi tsanani, mutane sai an yi albashi. Aka yi albashi, shiru. Raguna na cin dusa mai tsada, matan gidaje na aiko yara suna tambaya, Sale na cewa a ƙara haƙuri.

Sallah ta matso sosai sa'ad da wani malamin firamare daga Baure ya je wurin Sale. Ya tsaya a bakin garke cike da raguna yana dube-dube, ya ce yayansa da ke Legas ya ce ya zo ya tambaya ko Sale ya san wani dillali mai amana, tunda nasa sun ƙare. Sale ya ce wa ya ce sun ƙare? Malamin ya ciro ƙaramar wayarsa mai maɓallai, ya buɗe shafin, ya miƙa masa.

Da wayar Sale ya zo Daura, malamin na biye da shi. Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya ce, "Malam Lawal, barka da aiki." Tun daga nan na san ba lafiya. Ya ajiye wayar a tebur. Fili kore, babu komai a ciki. BABU RAGO. A ƙasa, Sale Babban Mutum, da lambarsa. Na jira ragon ya shigo. Bai shigo ba. Malamin ya ce haka take nunawa tun ranar farko, a wayarsa da ta yayansa da ta duk wanda ya sani. Ashe irin waɗannan wayoyin fallen farko kawai suke ɗauka su bar sauran. Waɗanda ke da manyan wayoyi ma, in sabis ya yi rauni, nauyin banar kan sa ta daɗe a tsaye a nan, mai karatu ya gani ya wuce. Mutanenmu kuwa akasari da ƙananan wayoyin suke karanta labarai, ba da kwamfuta ba. Tun da aka ɗora tallan, sanarwa muke yi wa duniya cewa kada a kira Sale.

Nan take na kira Bashari ya sauke ta ya mai da ta bara. 'Yan kira kaɗan suka shigo. Amma masu saye sun riga sun saya, motocin kudu sun riga sun tafi. Aka yi Sallah garken Sale bai ragu da abin kirki ba. Bayan Sallah kowa ya san yadda farashin rago ke faɗuwa. Wasu matan suka karɓi abin da ya samu, wasu suka aiko aka mayar musu da ragunansu, ga kuɗin dusa ya tafi. Labari ya bazu a kasuwar Mai'adua, sunan ya bi shi. In ya shigo sai a ce ga Sale Babu Rago. Wani mahauci ya ce, "Wa ya ce babu? Ga rago nan zaune a kan tabarma." Da ajami ne da alif ɗaya ya raba dabbar da malalacin, amma boko ya haɗa su a rubutu ɗaya, 'yan kasuwa kuma suka ji daɗin haka.

Na sami Sale a gida na ce ya faɗi abin da zan biya.

Ya ce, "Malam Lawal, ni na ce a sa ya yi gudu. Ba kuɗinka nake bi ba. Gidajen nan sun ba ni amana, yanzu in na yi sallama sai a ce maigidan ba ya nan. Sallah guda aikinka ya ci min. Ita nake bi, in kana da yadda za ka yi."

A hanyar dawowa ne wani darasi na makarantar allo ya faɗo min. Malaminmu ya fi tsananta mana a kan waƙafi, wato inda mai karatu zai yanke numfashi. Yakan kawo misali da ayar da ta hana kusantar salla a halin maye. Ya ce in ka tsaya a tsakiyarta ka yi shiru, ka faɗi abin da ba a faɗa ba, ko da kowane harafi ka fitar da shi daidai. To bana mai motsi karatu ce da ba kai ke zaɓar inda za a tsaya ba. Wayar mutum ce ke zaɓa, da sabis ɗin garinsu. Saboda haka dole kowane falle ya zama wurin da in an tsaya, magana ta cika kuma gaskiya ce, musamman na farko.

Da wannan na koma neman manhaja. Mai Rawa ba ta yi ƙarya ba, abin da na ce ta yi shi ta yi. Amma tana nuna maka motsin ne yana gudana kamar ruwa, har ka manta da cewa fallaye ne, kuma ba ta damu da nauyi ba. Na sayi tsohuwar ƙaramar waya a hannun mai gyara, na mai da ita alƙalina. Duk manhajar da na samu sai in yi gwaji da ita, Bashari ya ɗora a wani ɓoyayyen shafi, ni kuma in hau mota in tafi Kongolam. Can ne sabis ya fi wahala, yanzu waya ta kama na Najeriya, an jima ta kama na Nijar, wani lokaci ta rasa duka. Nakan zauna a rumfar mai shayi in buɗe in jira. Direbobi har sun saba da ni, suna cewa ga malamin da ke zuwa neman rashin sabis. Wata manhajar ta iya motsi amma ta cinye ƙa da ɗa. Wata ta riƙe haruffa amma ta mai da farin rago ruwan toka. A ƙarshe na tsaya a kan wata 'yar ƙarama mara ado, wadda ba wanda ke yabonta. Tana jera maka fallayen a fili ɗaya bayan ɗaya kamar warwatsen takardun littafin hannu, ta rubuta nauyin kowanne a ƙasansa, ta bar ka ka rage launuka har ka ga inda hoton zai fara lalacewa ka tsaya. Zane kuma na ci gaba da yinsa da Alƙalami da Wanzami, ita haɗawa kawai take yi. Mai Rawa na ajiye ta. Nakan buɗe ta jefi-jefi in kalli sunana yana rubuta kansa, sannan in rufe.

Da watan layya na gaba ya kusa, na ɗauki wayar na tafi Babban Mutum. Sale ya ce gidaje kaɗan ne suka yarda su sake ba shi raguna, sauran suna jiran su ga abin da Inna Talatu za ta yi. Tsohuwa ce da kowa ya san ta da iya kiwo, ragonta ne ya fi kowanne girma bara, ita ce kuma ta fi kowa asara. Muka same ta a gindin dalbejiyar ƙofar gidanta tana tsince wake. Muka gaisa, Sale ya yi bayani, ta saurara ba ta ɗago ba.

"Kai ne mai rubutun?" ta ce da ni.

Na ce ni ne, Inna.

"To ni ban san gudu ba, ban san rawa ba. In ya tsaya, me zai ce?"

Na buɗe shafin gwajin na miƙa mata. Sabis ɗin garin ya yi halinsa, hoton ya sauko a hankali daga sama, ƙaho, kai, wuya, sannan ya tsaya. Ragon yana nan tun a fallen farko. A gefensa an rubuta AKWAI RAGUNAN LAYYA, da sunan Sale da lambarsa, a ƙasa kuma na maimaita maganar da ajamin hannuna. Na gaya mata akwai falle biyu a bayan wannan, ɗaya na cewa ana kai wa har gida, ɗaya na cewa kiwon gida ne, kuma duk wanda aka tsaya a kai, rago da lamba suna nan. Ta nisanta wayar daga idonta, ta bi ajamin da yatsa tana motsa baki.

"Da alif ka rubuta," in ji ta. "To na ji. Na ɗauka wannan na kusa da kai kake tallatawa."

Sale ya sunkuyar da kai yana dariya, karo na farko da na ji dariyarsa tun waccan Sallar. Ta miƙo min wayar, ta ce wa jikarta ta kwanto ragon. Ba duka gidajen ne suka biyo ta ba, akwai waɗanda har yau kasuwa suke kaiwa, amma da yawa sun biyo.

Bashari ya ɗora banar. Ban tambayi Sale yadda ake ciki ba, shi ma bai kira ni ba. Kullum da safe nakan buɗe ta a ƙaramar wayar in tabbatar tana nan yadda na bar ta, sannan in kama wani aikin.

Ranar jajibiri da hantsi wayata ta yi ƙara. Ina ɗauka na ji hayaniyar mota da muryar yara, babu kukan rago ko ɗaya.

"Kai, mai fenti," in ji Sale. "Waccan banar taka ta bara, ka goge ta?"

Na ce tana nan.

"To ka ce wa yaron nan na Abuja ya ɗora ta yanzu. Fallen farkon kawai, kada ragon ya shigo. Na Inna Talatu ma tun jiya ya tafi Kazaure, mutane kuma sun hana ni sakat da kira, ko wanka ban yi ba."

Na ce, "Ka tabbata? Sunan zai ƙara bin ka."

"Ya bi ni. Yau dai gaskiya ta faɗa. Ka ɗora, mun rabu, ba na bin ka komai."

Na kira Bashari na gaya masa. Ya tambaye ni ko lafiyata ƙalau. Kafin azahar ta hau saman shafin, fili kore babu komai, BABU RAGO, Sale Babban Mutum. Ta zauna a nan har aka gama yanyawar naman layya. A duk shekarun da na yi a wannan sana'a, ita kaɗai ce tallan da na taɓa sakawa don a daina kira.